Allurar B12, allurar NAD+ ko ƙwayar haɗiya: wanne ya dace da mai fama da gajiya?

Idan aka ajiye su gefe da gefe a kan tebur, ba lalle ka ga wani bambancin kirki ba. Ɗaya 'yar kwalba ce mai siririn wuya, da ruwa a ciki ja wur. Ita ce bitamin B12. Ɗayar kuwa mai murfin roba ce, da ɗan farin gari kwance a ƙasanta. NAD+ ke nan, sai an zuba masa ruwa kafin ya zama abin da za a ja a sirinji. Alkawari ɗaya ake tallata su da shi: wai za su farfaɗo da ƙwayoyin halittar jiki, gajiya ta gushe, kai ya washe. Ga kuma ƙarin ruwa da ake ɗaura wa mutum a jijiya da sunan ƙara kuzari, ga ƙwayoyin haɗiya da ake kira NR da NMN, sinadaran da jiki ke juyawa su koma NAD+. Wanda ya shafe watanni yana tashi da safe jiki a mace, idan aka jera masa waɗannan, ba laifinsa ba ne in ya miƙa hannu ga wanda aka fi zuzutawa.

Ni dai abin da na gani shi ne, allurar B12 da ta NAD+ ba 'yan gida ɗaya ba ne. Ta farko an san giɓin da take cikewa, ana iya auna giɓin a jini, kuma akwai adadin da likitoci suka daɗe da daidaitawa a kai. Ta biyu kuwa har yau babu wata hukumar magunguna da ta tsayar mata da adadi don maganin gajiya, kuma mafi yawan haɗarinta yana cikin yadda ake haɗa ta ne.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su ne ke juya abin da muka ci ya koma makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi. NAD+ ɗan dako ne a wannan aikin: yana ɗauko abin da aka tatso daga abinci ya kai inda ake sarrafa shi, ya sauke, ya dawo ya sake ɗauka. Ba sabon abu ba ne. Arthur Harden da William Young suka fara gano shi a Ingila a 1906, suna binciken yadda yis ke narka sukari. Jiki kuma da kansa yake ƙera shi daga bitamin B3, wanda babban namiji ke buƙatar kusan miligiram 16 nasa a rana, mace kuma 14. B12 aikinsa daban: ana buƙatarsa wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini da kuma kiyaye rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin saƙo. In ya yi ƙaranci jini ya ragu, iska ba ta isa sassan jiki yadda ya kamata, sai gajiya da haki.

Bari in fara da B12, don a kansa na ga abu da idona. Wata yayata ta yi shekaru tana shan metformin saboda ciwon suga. Sannu a hankali ta fara cewa tafin ƙafarta na yi mata kamar tururuwa na yawo a ciki, in ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango. Muka ɗauka sugan ne kawai. Wata rana ina kallonta tana neman takalminta da ƙafa, ta sa ɗaya ba ta ji ya shiga ba sai da ta duba ƙasa. Na ce, "Yaya, wannan ya wuce gajiya, mu je a duba jininki." Aka duba, B12 ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya ce sananne ne, metformin na rage yadda hanji ke tsotse wannan bitamin idan an daɗe ana sha. Aka fara mata allura. Hakin ya tafi cikin 'yan makonni, amma ƙafar ta ɗauki watanni, kuma har yanzu yatsunta biyu ba su dawo daidai ba. Jijiya in ta daɗe a lalace ba kullum take komawa yadda take ba, shi ya sa nake jin zafin jinkirin da muka yi.

Abin da babban mutum ke buƙata na B12 a rana bai taka kara ya karya ba, maikirogiram 2.4 ne kacal, kuma hanta na ajiye abin da zai kai shekaru. Don haka ƙarancinsa a ɓoye yake zuwa. Waɗanda ya fi kamawa su ne tsofaffi, da waɗanda ba sa cin nama ko kifi ko ƙwai ko madara sam, da wanda aka yanke wa wani sashe na ciki ko hanji, da mai shan metformin ko magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole na dogon lokaci. Akwai kuma wata cuta da garkuwar jiki ke lalata sinadarin da ciki ke fitarwa domin ya riƙo B12 ya raka shi hanji. Kafin 1926 wannan cutar kisa take yi, sai da George Minot da William Murphy suka nuna a Amurka cewa ciyar da marasa lafiyar hanta mai yawa na tashinsu. Ba a tace bitamin ɗin kansa ba sai 1948.

Adadin allurar kuwa a rubuce yake. A Ingila, inda aka fi amfani da nau'in hydroxocobalamin, tsarin da aka saba shi ne miligiram 1 a tsoka sau uku a mako har mako biyu, sannan sau ɗaya duk wata biyu zuwa uku. Idan jijiyoyi sun taɓu, ana yi ne ranar yi ranar hutu har sai sauƙin ya daina ƙaruwa, sannan duk wata biyu. A Amurka an fi amfani da cyanocobalamin, wanda jiki bai riƙe shi kamar na farko, saboda haka bayan allurai na farko yawanci duk wata ake maimaitawa. Kula da wani abu a nan: miligiram 1 shi ne maikirogiram 1000. A wata kwalbar za ka ga 1, a wata ka ga 1000, alhali abu ɗaya ne. Mutane na ruɗewa a wannan wurin.

To ko dole ne sai allura? Ba kullum ba. Ko da sinadarin rakiyar nan babu shi, kusan kashi 1 cikin 100 na B12 da aka haɗiya yana ratsa bangon hanji da kansa. Ma'ana, ƙwaya mai maikirogiram 1000 za ta iya ba jiki wajen 10, wanda ya ninka buƙatar rana. Shi ya sa ga wanda matsalarsa ƙarancin ci ce, ko ƙarancin bai yi tsanani ba, ƙwaya ta wadatar, babu zafin allura, babu fargabar ƙurji. Allura ta fi dacewa idan jinin ya yi ƙasa sosai, ko an fara jin mutuwar ƙafa da tangaɗi da mantuwa, ko an san hanjin ba ya aiki, ko kuma mutum ba zai iya riƙe shan ƙwaya kullum ba. Wanda kuwa B12 ɗinsa ke daidai, allurar ba ta ƙara masa komai. Abin da ya yi yawa ƙoda ce ke zubar da shi, wani lokaci har fitsari ya ɗan yi ja.

Gargaɗi ɗaya: a ɗebi jinin gwaji kafin allurar farko. Da zarar an yi ta, sakamakon zai nuna bitamin ya cika ko da cutar na nan, sai a rasa gane bakin zaren. Haka kuma shan folik asid, wani bitamin da shi ma ake buƙata wajen ƙera jini, shi kaɗai na iya gyara ƙarancin jinin alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye.

NAD+ labarinsa ya fi daɗin ji, kuma tushensa ba ƙarya ba ne. An ga yana raguwa a wasu sassan jiki yayin da shekaru ke ja, kuma da aka ƙara wa tsofaffin ɓeraye shi ta hanyar sinadaran da jiki ke ƙera shi da su, an ga ci gaba a tsokarsu da yadda jikinsu ke sarrafa sukari. Daga nan kasuwa ta buɗe. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da aka gwada a kan mutane bai kai ko kusa da abin da ake faɗa a talla ba.

Ɗauki ƙarin ruwan. A wani ɗan ƙaramin bincike da aka wallafa a 2019, an ɗaura wa wasu maza ƙalilan miligiram 750 na NAD+ a jijiya cikin awa shida. A awa biyun farko ba a ga ya ƙaru a ruwan jininsu ba sam, alamar jiki na kwashe shi ko farfasa shi nan take. Binciken bai yi nufin auna ko gajiya ta ragu ba. Inda sinadarin ke tafiya kawai aka bi. Wannan na da muhimmanci, domin NAD+ ƙato ne a ma'aunin sinadarai, ba ya ratsa bangon yawancin ƙwayoyin halitta kai tsaye. Sai an datsa shi gunduwa-gunduwa a waje, guntayen su shiga, a sake harhaɗa shi a ciki. Wasu daga cikin guntayen nan kuwa dangin bitamin B3 ne da ake iya haɗiya. Dalilin da ya sa ake jan ƙarin ruwan tsawon awanni shi ne, in aka sake shi da sauri mutum kan ji ƙirji ya ɗaure, ciki na murɗawa, zuciya na tashi, kai na sarawa. Na ji masu cewa wannan wahalar shaida ce maganin na aiki. Ba shaida ba ce, illa ce.

Allurar ƙarƙashin fata, wadda ita ce aka fi turo wa mutane su yi a gida, ta fi ƙarin ruwan ƙarancin hujja. Adadin da za ka gani a intanet, wannan ya ce kaza kullum, wancan ya ce kaza sau uku a mako, al'adar masu sayarwa ce da ta wuraren da ke yin ta, ba sakamakon babban gwaji ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da allurar NAD+ a matsayin maganin kowace cuta ba. A 2024 ma ta ja kunnen masu haɗa magunguna bayan ta samu rahoton mutanen da suka yi rawar ɗari mai tsanani da amai da galabaita bayan allurar, ta kuma yi nuni da cewa ana ɗaukar garin NAD+ da aka tanada don ci ana yin allura da shi.

Ƙwayoyin NR da NMN su ne aka fi gwadawa a kan mutane. A Jami'ar Kolorado, a 2018, an ba wasu manya da tsofaffi masu lafiya miligiram 1000 na NR kullum har mako shida, NAD+ na cikin ƙwayoyin jininsu ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100, ba tare da wata babbar illa ba. A 2021 kuma, a Jami'ar Washington da ke Sent Luwis, an gwada miligiram 250 na NMN kullum na mako goma a kan mata 25 da suka daina al'ada kuma suke dab da kamuwa da ciwon suga. Tsokarsu ta fi amsa insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, amma nauyinsu da sugan jininsu ba su canja ba. Wato an tabbatar ƙwayar na ɗaga lamba a takardar gwaji. Cewa tana sa mutum ya tashi garau, ko ya daɗe bai tsufa ba, wannan ba a nuna shi ba tukuna. Duk da haka, idan mutum ya ƙudura sai ya gwada wani abu daga wannan dangin, ƙwaya ta fi allura hujja, ta kuma fi ta sauƙin haɗari nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato haɗawa. B12 a shirye take zuwa daga masana'anta: mililita 1, miligiram 1, a fasa wuyan kwalbar, a ja, a yi, a yar da saura. Babu lissafi. Garin NAD+ kuwa kai ne za ka zama mai haɗa maganin, kuma kowane mataki ƙofa ce da kuskure ke iya shigowa.

Na farko ruwan. Iri biyu ake amfani da su: tsarkakakken ruwan allura zalla, wanda da an buɗe shi sau ɗaya an gama da shi, da kuma wanda aka sa wa kashi 0.9 cikin 100 na wani sinadarin barasa mai hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Na biyun ne ake nufi da kwalbar da za a riƙa ɗiba sau da yawa, kuma ko shi ƙa'idar ita ce kada ya wuce kwana 28 daga ranar da aka fara huda murfin. Hana hayayyafa yake yi, ba ya wanke abin da ya riga ya gurɓata. Ruwan famfo, ruwan gora, ko dafaffen ruwa, babu wanda ya halatta a cikin sirinji.

Na biyu lissafi, kuma a nan ne masu ilimi ma ke zamewa. Sirinjin da ake haɗowa da shi yawanci na insulin ne, mai layuka har 100 a mililita ɗaya. Waɗannan layukan na insulin ne, ba sa faɗin miligiram nawa na wani magani ke ciki. A ce kwalba na da miligiram 500, aka zuba mata mililita 5: kowace mililita na ɗauke da 100, wanda ya ja zuwa lamba 10 ya ɗebi miligiram 10. Wani ya zuba mililita 2.5 a irin wannan kwalbar, lamba 10 ɗinsa miligiram 20 ne. Na uku kwalbarsa mai 1000 ce, shi ma ya zuba 2.5, lamba 10 ɗinsa 40 ne. Dukansu ukun za su ce maka "goma nake yi," alhali na ƙarshe ya ninka na farko sau huɗu. Saboda haka duk shawarar da aka ba ka da lambar sirinji kawai, ba a faɗi nauyin garin da yawan ruwan ba, shawara ce marar kai. Kuma duk wannan lissafin ya dogara ne a kan cewa abin da aka rubuta a jikin kwalbar gaskiya ne. Garin da aka saya daga shafin da ya rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don mutane ba, babu wanda ya ɗauki alhakin nauyinsa ko tsabtarsa.

Na uku shi ne abin da ido ba ya gani. Ruwa na iya zama garai-garai amma da dafi a ciki. Wasu ƙwayoyin cuta ko sun mutu suna barin wani dafi daga ɓawonsu, wanda tafasawa ba ta kashe shi, matatar sirinji ta yau da kullum kuma ba ta tare shi. In an haɗiye shi hanji ya san yadda zai yi da shi. In ya shiga ta allura sai zazzaɓi da karkarwa, wani lokaci jini ya faɗi. Wannan ne bambancin garin ci da garin allura. Ko wuraren da sana'arsu ke nan suna iya kuskurewa: a 2012 allurar da wani kamfanin haɗa magunguna na jihar Masachusets ya yi ta gurɓata da naman gwari, mutum fiye da 750 suka kamu, fiye da 60 suka rasu. Idan hakan ta faru a inda ake da ɗakin haɗa magani na musamman, sai a yi tunanin teburin ɗaki.

Sai ajiya. NAD+ da aka jiƙa ba ya jure zafi da haske, wurinsa firji ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ko a can yana raguwa a hankali. Wanda sanyin firjinsa ke yankewa ba zai san abin da ya rage a kwalbar ba bayan mako biyu. Idan ruwan ya yi gajimare, ko ya canja launi, ko aka ga wani abu na yawo a ciki, zubarwa ake yi.

Akwai haɗarin da kowace allura ke tafe da shi, ko ta B12 ce. Allurar ɗuwawu da aka soka a inda bai dace ba na iya taɓa babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, ta bar mutum da ɗingishi. Fatar da ba a goge ba, ko murfin robar da ba a shafa wa sifirit an bari ya bushe ba, na kawo ƙurji mai mugunya. Sirinji ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV, kuma canja tsinken kawai a bar sirinjin bai isa ba. Da wuya, amma yakan faru, jiki ya ƙi maganin nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya toshe. Shi ya sa ya kamata allurar farko ta kowane iri ta zama a gaban ma'aikacin lafiya da ke da abin ceto a kusa.

Da wani zai tambaye ni yau, cewa zan yi ya fara da gwajin jini: yawan jinin, sinadarin ƙarfe, B12, suga, aikin ƙoda da hanta, da na halittar tayirod da ke wuya. A tambaye shi barcinsa, ko yana minshari yana farkawa a shaƙe, a tambaye shi damuwar da ke ransa da magungunan da yake sha. Gajiya mai daɗewa a nan sababinta ya fi ɓuya, kuma mace mai zubar da jini da yawa duk wata wadda ƙarfen jikinta ya ƙare, ko kwalba nawa ta NAD+ aka yi mata ba za ta tashi ba. In gwaji ya nuna ƙarancin B12, likita ya zaɓa tsakanin ƙwaya da allura bisa sababin da tsananinsa. In komai ya fito daidai kuma mutum na son gwada NR ko NMN, ya sanar da likitansa, ya ɗiba wa kansa wa'adi kamar wata biyu ko uku, ya rubuta yadda yake ji tun kafin ya fara, don ya iya yi wa kansa hukunci da gaskiya. Mai ciki, mai shayarwa, da wanda ke fama da ciwon daji ko ya taɓa yi, su bar wannan dangin gaba ɗaya sai da izinin likitan da ke duba su, domin ƙwayoyin daji ma da NAD+ suke aiki.

Wanda kuma ya dage sai ƙarin ruwa ko allurar NAD+, aƙalla kada ya haɗa da hannunsa. Ya je inda likita zai duba shi tukuna, ya nemi a nuna masa kwalbar: sunan wurin da aka haɗa ta, lambar rukunin, ranar lalacewa, miligiram nawa ke cikin kowace mililita, da shaidar an gwada ta game da ƙwayoyin cuta da dafinsu. 'Yan wasa masu shiga gasa su ƙara da wannan: dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta hana ƙarin ruwan da ya wuce mililita 100 cikin awa 12, ko mene ne a cikinsa, sai in a asibiti aka yi shi don jinya ko tiyata ko gwaji, ko kuma an samu izini na musamman.